Taron Kasablanka na 1943: Gardamar Ƙawaye a Kan Inda Za a Kai Hari

A ranar 14 ga Janairu 1943 Shugaban Amurka Franklin Roosevelt da Firayim Ministan Birtaniya Winston Churchill suka haɗu a Anfa, wata unguwar masu hannu da shuni da ke kan tudu a gefen birnin Kasablanka na ƙasar Maroko. Sojojin Amurka da ke ƙarƙashin Janar George Patton sun riga sun karɓe otal ɗin unguwar da gidajen da ke kewaye da shi, sun ja waya mai ƙaya, ba mai shiga sai da takarda. Kowane shugaba ya zo da manyan hafsoshinsa na ƙasa da na ruwa da na sama, aka zauna har zuwa 24 ga watan. Tambaya ɗaya ce ta tara su: idan an gama korar Jamus da Italiya daga Arewacin Afirka, ina za a nufa da sojoji da jiragen yaƙi?

Wanda ya karanta tarihin yaƙin Hitila daga nesa zai iya ɗauka cewa ƙasashen ƙawance bakinsu ɗaya ne tun farko har ƙarshe. A Anfa hafsoshin ƙasashen biyu sun yi kwana biyar suna ja-in-ja, har aka kusa tashi baram-baram. Abin da ya sa taron ya cancanci nazari shi ne yadda aka fita daga wannan ƙulli, da wanda ya ja akalar zancen, da kuma waɗanda suka ɗauki nauyin abin da aka yanke alhali ba su cikin ɗakin.

Halin da ake ciki

Kimanin wata biyu da rabi kafin taron yaƙin ya fara juyawa. A farkon Nuwamba 1942 Janar Montgomery na Birtaniya ya karya rundunar Rommel, kwamandan Jamus, a El Alamein ta Masar. Ranar 8 ga Nuwamba sojojin Amurka da na Birtaniya suka sauka a gaɓar Maroko da Aljeriya. Kafin ƙarshen watan sojojin Tarayyar Sobiyat suka yi wa runduna ta 6 ta Jamus ƙawanya a Stalingrad. A tekun Fasifik kuma Japan na gab da barin tsibirin Guadalcanal. Zaɓi ya dawo hannun ƙawance, su ne yanzu za su ce ga inda za a gwabza.

Sai dai a tekun Atlantika labarin ba daɗi. A watan Nuwamban nan kaɗai, jiragen Jamus masu nutso sun kifar da jiragen dakon kaya da nauyinsu ya haura tan 700,000. Kowane sojan Amurka, kowace tankar yaƙi, kowane duro na man fetur, har alkamar da mutanen Landan ke ci, sai sun ƙetare wannan teku. Masana'antun Amurka na iya ƙera makamai ba iyaka, amma makamin da ba a samu jirgin ɗaukarsa ba yana nan jibge a tashar New York. Duk gardamar da aka yi a Anfa, idan aka tone ta, a kan jirgin ruwa take tsayawa: nawa ake da su, kuma wa za a ba.

An gayyaci Joseph Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyat, ya ce ba zai iya barin ƙasarsa ba ana tsakiyar faɗan Stalingrad. Rashin zuwansa bai cire shi daga taron ba. Sojojinsa ne ke riƙe da mafi yawan rundunonin Jamus, kuma tun 1941 yake neman a buɗe fagen daga na biyu a Faransa don a rage masa nauyi. An sa masa rai da 1942, sai Churchill ya je Mosko a watan Agusta ya gaya masa ba zai yiwu ba. Roosevelt da Churchill duka suna tsoron kada wahala ta yi wa Rasha yawa ta sasanta da Jamus ita kaɗai, kamar yadda ta yi a 1918.

Ɓangarori biyu, shiri iri biyu

Janar George Marshall, babban hafsan sojan ƙasa na Amurka, tunaninsa miƙaƙƙe ne. A tara ƙarfi a Ingila, a ƙetare mashigin ruwan da ya raba ta da Faransa, a doshi zuciyar Jamus ta hanya mafi kusa. Tun 1942 yake kan wannan ra'ayi, kuma bai so saukar Arewacin Afirka ba, Roosevelt ne ya danne shi. Tsoronsa shi ne duk harin da aka kai a Bahar Rum zai haifi wani harin, sojoji da jirage su yi ta tsiyaya can, ranar ƙetarawa Faransa ta yi ta nisa.

Admiral Ernest King, shugaban sojan ruwa, hankalinsa na tekun Fasifik. Ya ce bisa lissafinsa kashi 15 cikin ɗari kawai na ƙarfin ƙawance ake kai wa yaƙin Japan, yana so a ninka zuwa kashi 30. Janar Henry Arnold na sojan sama kuma ya yi imani jiragen sakin bama-bamai za su durƙusar da Jamus. Mutum uku ke nan, kowa da inda ya sa gaba. Kafin su baro Washington sun zauna da Roosevelt ranar 7 ga Janairu, Marshall da bakinsa ya faɗa wa shugaban cewa masu tsara dabarunsu ba su tsaya a kan magana ɗaya ba. A haka suka hau jirgi, da 'yan ma'aikata kaɗan.

Turawan Ingila sun zo da wani shiri dabam. Sun yi watanni suna tasu gardamar a gida, tsakanin Churchill mai zumuɗin kai hari ko'ina da Janar Alan Brooke, babban hafsan sojansu, wanda aikinsa na kullum shi ne taka masa birki. Sun gama ta kafin su taso. Suka kuma turo jirgin ruwa guda mai suna Bulolo ya tsaya a tashar Kasablanka, cike da masu tsara dabaru da akawuna da fayiloli da na'urorin aika saƙo Landan. Idan an ta da wata magana da safe, kafin yamma sun kawo takarda a buge, da alƙalumanta. Suna kuma da Fil Mashal John Dill, wakilinsu a Washington kuma aminin Marshall, wanda ya zaunar da su tun kafin a buɗe taro ya bayyana musu yadda Amurkawan ke tunani da inda kansu ya rabu.

Hujjar Brooke ba ta tsoro ba ce kawai, ko da yake tsoron na nan, kuma yana da dalili. Hafsoshin Birtaniya na wannan zamani sun ga faɗan Somme na 1916 a yaƙin duniya na farko, inda aka kashe musu kusan mutum 20,000 a rana ɗaya. Brooke da kansa yana cikin waɗanda Jamus ta koro zuwa Dunkirk a 1940. Ga kuma darasin Dieppe na 19 ga Agusta 1942, inda aka gwada sauke kimanin mutum 6,000, galibinsu 'yan Kanada, a gaɓar Faransa, fiye da rabinsu aka kashe ko aka raunata ko aka kama cikin 'yan sa'o'i. A kan wannan ya ɗora lissafi. Jamus na da runduna 44 a Faransa, kuma layukan dogonta na gabas zuwa yamma na da kyau ƙwarai, za ta iya kwaso ƙarin sojoji daga Rasha cikin mako biyu. Layukan da ke gangarowa Italiya kuwa sai sun ratsa duwatsun Alps, ba sa ɗaukar da yawa. Saboda haka a bugi Italiya, wadda ta riga ta jigata. Idan ta faɗi, dole Jamus ta cike gurbin sojojinta a Italiya da yankin Balkan. Sannan idan aka buɗe Bahar Rum, jiragen da ke zagayawa ta ƙasan Afirka ta Kudu kafin su kai Masar ko Indiya za su bi ta Suez, wanda daidai yake da samun ƙarin jirage na kusan tan miliyan 1 ba tare da an ƙera ko ɗaya ba.

Ranar 18 ga Janairu

Tun 1941 ƙasashen biyu suka yi alkawarin a fara gamawa da Jamus sannan a juya kan Japan. A Anfa wannan alkawari ne ya fara rawa. Turawan Ingila na zargin King yana so ya kwashe jiragen sauke sojoji zuwa Fasifik, Amurkawa kuma na zargin Ingila tana kare hanyoyin daularta ne a Bahar Rum, kuma da zarar Jamus ta faɗi za ta bar musu Japan su kaɗai. Marshall ya kai ga cewa idan ba a yi wani abu a kan Bama (Myanmar ta yau, wadda Japan ta mamaye) da taimaka wa Sin ba, abin na iya kai Amurka ga janye ƙarfinta daga Turai.

Zaman safiyar 18 ga wata ya ƙare ba a cimma komai ba. Brooke ya fito ransa a ɓace, ya ce wa Dill ba amfani, ba za a taɓa daidaitawa da mutanen nan ba. Dill ya bi shi har ɗakinsa bayan cin abincin rana, ya zauna ya riƙa bin batutuwan ɗaya bayan ɗaya, yana nuna masa cewa an riga an yarda a kan mafi yawansu, yana tambayarsa iya inda zai iya sassautawa a kan sauran. Brooke ya ce ba zai matsa ko taku ɗaya ba. Dill ya tuna masa cewa in suka kasa, sai dai su kai maganar gaban Churchill da Roosevelt a warware, kuma shi ma ya san irin kwaɓar da za ta biyo baya. Ana cikin haka Charles Portal, shugaban sojan saman Birtaniya, ya shigo da wata gajeriyar takarda da ɗaya daga cikin hafsoshinsa, John Slessor, ya rubuta. Ta ce za a ci gaba da yaƙi a Fasifik da ƙarfin da aka ware masa don a riƙe Japan a matse, muddin hakan bai hana cin gajiyar duk wata damar kayar da Jamus a 1943 ba. Dill ya kai wa Marshall ita kafin zaman yamma, aka amince da ita bayan 'yan gyare-gyare.

Wannan jimla ba ta warware saɓanin ba, ta ba kowa abin da zai riƙe ne. Ingila ta karanta a cikinta cewa Jamus ce farko, King kuma ya karanta cewa ba wanda zai ƙirga masa jiragensa. Amma ta buɗe hanya, kuma ina ganin Dill ya fi kowa cancantar yabo a taron nan, domin shi kaɗai ne ɓangarorin biyu suka yarda ba zai yaudare su ba.

Daga nan sauran suka zo da sauƙi. Aka sa yaƙi da jirage masu nutso a sahun farko, sai ci gaba da aika wa Rasha kaya. Cikin tsibiran Italiya aka zaɓi Sisili a kan Sardiniya, a kai masa hari a watan Yuli, Janar Dwight Eisenhower na Amurka ya jagoranta, mataimakansa uku na ƙasa da ruwa da sama kuwa, Alexander da Cunningham da Tedder, duk Turawan Ingila. Ranar 21 ga wata aka fitar da umarnin yi wa Jamus ruwan bama-bamai: jiragen Ingila da dare, na Amurka da rana, bayan Janar Ira Eaker ya shawo kan Churchill wanda da farko bai yarda da harin rana ba. Aka ce a ci gaba da tara sojoji a Ingila, a naɗa mai tsara shirin ƙetarawa Faransa, amma ba a sa rana ba. Aka kuma rubuta cewa za a yi shirin ƙwato Bama a ƙarshen shekara. Albert Wedemeyer, ɗaya daga cikin masu tsara dabarun Marshall, ya rubuta bayan taron cewa sun zo, sun saurara, an cinye su.

Faransawa biyu da Sarki ɗaya

A ƙasar da Faransa ke mulka ake taron, amma Faransa ba ta da kujera a teburin dabaru. Matsalarta ta shugabanci ce. Amurka na goyon bayan Janar Henri Giraud, Ingila kuma tun 1940 take riƙe da Janar Charles de Gaulle, wanda Roosevelt bai ƙaunarsa. De Gaulle ya ƙi zuwa da farko, yana ganin wulaƙanci ne baƙi su kira shi taro a kan sha'anin Faransa cikin waya mai ƙaya ta sojojin Amurka. Sai da Churchill ya yi barazanar janye masa tallafi ya iso ranar 22 ga wata. Ba a daidaita su ba. A rana ta ƙarshe aka fito da kujeru huɗu kan ciyawar bayan gidan da Roosevelt ya sauka, shugaban ya nemi janar-janar ɗin biyu su gaisa a gaban masu ɗaukar hoto. Suka miƙe suka yi musafaha a gurguje, wasu masu hoton ba su kama ba, aka sa su sake. Kafin ƙarshen 1943 de Gaulle ya ture Giraud gefe.

Abin da ya ba de Gaulle ƙarfin tsayawa ya taso ne daga kusa da mu. A watan Agusta 1940 gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya bi bayansa, kuma daga Fort Lamy, wato Njamena ta yau, Leclerc, kwamandan de Gaulle, ya riƙa kai hari cikin hamadar Libiya da runduna wadda yawancinta sojojin Afirka ne. A daidai kwanakin da ake zaune a Anfa sun riga sun ratsa Fezzan ta kudancin Libiya sun nufi arewa, kuma 'yan kwanaki bayan sojojin Montgomery sun shiga Tarabulus ranar 23 ga Janairu suka haɗu da su a can.

A daren 22 ga wata Roosevelt ya shirya wa Sarkin Maroko Muhammadu na Biyar liyafa. Sarkin ya zo da ɗansa Hassan, yaro ɗan shekara 13, kuma saboda girmama addininsa ba a kawo giya teburin ba. Churchill na zaune, gwamnan Faransa Janar Noguès na zaune, Roosevelt ya riƙa yi wa Sarki zancen bayan yaƙi, da ilmantar da 'yan ƙasa, da riƙe arzikin Maroko a hannun mutanenta. A hanyarsa ta zuwa taron Roosevelt ya kwana a Bathurst, wato Banjul ta Gambiya, abin da ya gani ya tsaya masa a rai. Ɗansa Elliott ya ruwaito shi yana mamakin yadda ake biyan lebura sule da nai a rana da rabin kofin shinkafa. Ba na shakkar tausayin Roosevelt, amma ko kalma ɗaya daga cikinsa ba ta shiga takardun taron ba, kuma tun Nuwamba 1942 wakilinsa Robert Murphy ya riga ya rubuta wa Giraud alkawarin mayar wa Faransa duk ƙasashen da take mulka. Duk da haka 'yan kishin Maroko sun ji abin da aka faɗa a liyafar, ranar 11 ga Janairu 1944 suka fitar da takardar neman 'yanci, wanda bai samu ba sai 1956.

Miƙa wuya ba sharaɗi

Bayan musafahar janar-janar ɗin, Roosevelt ya faɗa wa manema labarai cewa ba za a daina yaƙi ba sai Jamus da Italiya da Japan sun miƙa wuya ba tare da wani sharaɗi ba. Daga baya ya nuna kamar maganar ta faɗo masa ne nan take. Takardu sun nuna ya ambata wa hafsoshinsa ita tun 7 ga Janairu, Churchill kuma ya tuntuɓi majalisar yaƙinsa a Landan ana cikin taron, ita ce ma ta ce kada a cire Italiya.

Dalilan a fili suke. A 1918 an tsaida yaƙin duniya na farko sojojin Jamus na kan ƙasar wasu, daga baya Hitila ya gina siyasarsa a kan ƙaryar cewa ba a ci su a fagen daga ba, cin amana aka yi musu a gida. Sannan a Nuwamba 1942 Eisenhower ya ƙulla yarjejeniya da Admiral Darlan, jigo a gwamnatin Vichy mai haɗa kai da Jamus, abin da ya fusata jama'a a Ingila da Amurka suka fara tambaya ko gobe za a sasanta da wani na hannun daman Hitila. Uwa uba, ba a da fagen daga na biyu da za a miƙa wa Stalin, sai aka miƙa masa alkawarin cewa ba za a yi sulhu a bayan idonsa ba.

Masu suka sun ce furucin ya tsawaita yaƙin, ya ba Goebbels, ministan farfagandar Hitila, abin tsoratar da Jamusawa, ya kuma karya gwiwar hafsoshin da ke son kawar da Hitila. Game da Jamus ban ga ƙarfin wannan suka ba, domin gwamnatin da ke kashe Yahudawa da fursunonin Rasha miliyoyi ba wadda za a zauna ciniki da ita ba ce. Game da Italiya kuwa sukar ta kama. An tuɓe Musolini, jagoran Italiya, ranar 25 ga Yuli 1943, amma ba a sanar da ajiye makaman Italiya ba sai 8 ga Satumba. A cikin waɗannan makonni shida da aka ɓata ana jan zancen sharuɗɗa, Jamus ta cika ƙasar da sojojinta.

Wa ke da gaskiya?

A kan shekarar 1943, Brooke ne. Wata ɗaya bayan taron Rommel ya yi wa sojojin Amurka mummunan bugu a Kasserine ta Tunisiya, abin da ya nuna ba su gama ƙwarewa ba. Yaƙin Tunisiya da aka zaci zai ƙare da wuri bai ƙare ba sai 13 ga Mayu, ko da yake an kama fursunoni kusan 250,000. A watan Maris jirage masu nutso sun sake yin ɓarna mai yawa, ba a karya lagonsu ba sai a Mayu, lokacin da Jamus ta rasa fiye da 40 a wata ɗaya, Admiral Dönitz, shugaban sojan ruwanta, ya janye su daga arewacin Atlantika. Sojan saman Jamus kuwa bai raunana sosai ba sai farkon 1944. Akwai masu cewa katangun gaɓar Faransa ba su yi ƙarfi a 1943 kamar yadda suka yi bayan shekara ba, kuma haka ne. Amma sauke sojoji a gaɓa abu ɗaya ne, ciyar da su da ƙara musu ƙarfi fiye da yadda abokin gaba ke ƙara nasa wani abu ne dabam, kuma jiragen yin hakan ba su samu ba tukuna.

A kan abin da zai biyo baya kuwa, Marshall ne. An sauka Sisili ranar 10 ga Yuli, aka gama da ita 17 ga Agusta, sai aka ce tunda an zo nan a ƙetara Italiya. Daga Salerno, inda aka sauka a kudancin Italiya, aka shiga hawan duwatsu da ƙetare koguna, aka yi wata huɗu a gindin Monte Cassino, ba a shiga Roma ba sai 4 ga Yuni 1944, kuma sojojin Jamus da ke Italiya ba su ajiye makami ba sai 2 ga Mayu 1945. Hari ya haifi hari, daidai yadda ya faɗa.

Nauyin jinkirin ya faɗa kan sojan Rasha, wanda ya ƙara shekara ɗaya da rabi yana fuskantar mafi yawan ƙarfin Jamus, har da faɗan Kursk na Yulin 1943. Umarnin ruwan bama-bamai, wanda ya ambaci karya zuciyar jama'ar Jamus ƙarara, ya kai ga ƙone Hamburg a ƙarshen Yuli, inda kusan mutum 40,000 suka mutu, yawancinsu fararen hula. Su ma matuƙan Amurka sun ɗanɗana: jirage 60 suka rasa a harin Schweinfurt na 14 ga Oktoba kaɗai. Ƙarancin jiragen ruwa ya kai har Indiya. A farkon Janairun 1943 Churchill ya ba da umarnin rage jiragen da ke zuwa tekun Indiya don a cike giɓin Atlantika, kuma da yunwa ta afka wa Bengal a wannan shekara aka yi ta jan ƙafa wajen tura hatsi. Yunwar na da dalilai da yawa, ciki har da rasa shinkafar Bama da tashin farashi, amma mutanen da suka mutu sun kai miliyan 2 zuwa 3, kuma ba mai magana da yawunsu a inda ake rabon jirage.

Mu ma lissafin ya shafe mu. Har zuwa Nuwamba 1942 Nijar da sauran ƙasashen Faransa na Yammacin Afirka suna hannun Vichy, shi ya sa aka jibge sojoji suna gadin iyakar Arewacin Nijeriya. Da gwamnan Dakar ya koma ɓangaren ƙawance bayan saukar Arewacin Afirka, wannan gadi ya ƙare, aka samu sojojin da za a tura wani wuri. A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 na Yammacin Afirka, daga Nijeriya da Gold Coast (Ghana ta yau) da Saliyo da Gambiya, kuma Hausa ce harshen bariki a bataliyoyin Nijeriya. Babban harin ƙwato Bama ta ruwa da aka rubuta a Anfa bai yiwu ba, jiragen sun tafi Bahar Rum. Abin da ya rage shi ne yaƙin ƙafa cikin daji da tsaunuka, a kwarin Kaladan da Arakan, inda sojojinmu suka yi dakon kayan yaƙi a ka a wuraren da mota ba ta shiga. Sunayen barikin Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da Chindit a Zariya, da Myohaung a Legas, daga can suka samo asali.

Amurkawa ba su sake zuwa taro hannu rabbana ba. A zaman Washington na Mayu 1943 sun zo da takardunsu, sun daidaita bakinsu, sun kuma tabbatar Roosevelt na bayansu kafin a buɗe ƙofa. Suka yarda a ci gaba da matsa wa Italiya, amma suka sa aka rubuta 1 ga Mayu 1944 a matsayin ranar ƙetarawa Faransa, da sharaɗin a dawo da runduna 7 daga Bahar Rum zuwa Ingila daga Nuwamba. Da Stalin ya ji an sake ɗage fagen daga na biyu ya aiko da saƙo mai zafi, ya kuma kira jakadunsa na Landan da Washington gida. A Tehran, ƙarshen Nuwamba 1943, karon farko da shugabannin uku suka zauna tare, Churchill ya sake kawo zancen gabashin Bahar Rum da jawo Turkiyya cikin yaƙi, Stalin ya tsaya a kan Faransa, Roosevelt ya goyi bayansa. Stalin ya tambayi wanda zai jagoranci harin, aka ce ba a naɗa ba tukuna, ya ce in haka ne ba abin da zai fito daga shirin. Kowa ya ɗauka Marshall ne za a ba. A Alƙahira, 'yan kwanaki bayan haka, Roosevelt ya ce masa ba zai iya barci ba idan ya bar Washington, ya naɗa Eisenhower, kuma shi ne ya ba da umarnin sauka a Normandy ta Faransa ranar 6 ga Yuni 1944.